Turakun sadarwa a filayen jama'a: Mu sa musu ido, su ma su zame mana ido

Duk wanda ya bi titin IBB da daddare, ko ya ratsa daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya, idan ya ɗaga kai zai ga jajayen fitilu a kan dogayen ƙarafa sun yi wa birnin Katsina rumfa. Su ne turakun sadarwa, waɗanda bakin talaka ya raɗa wa suna ƙarfen sabis. Mun saba da su har mun daina ganinsu. Ba ma tunawa da su sai ranar da kira ya ƙi shiga, ko kuɗi suka maƙale tsakanin banki da mai shago. A wannan mako ina so mu sauke ido daga kan fitilar mu dubi gindin ƙarfen, domin a ƙasar da aka kafa shi maganar take.

Kowane turke a kan fili yake zaune, filin kuma haya ake biya masa. Idan a kangon wani bawan Allah aka kafa shi, wannan tsakaninsa ne da kamfani, Allah ya sa masa albarka. Damuwata tana kan wanda aka kafa, ko za a kafa, a filin kowa da kowa: kusurwar makarantar firamare, gefen kasuwa, harabar asibiti, bayan sakatariyar ƙaramar hukuma, ko bakin gandun daji. Ra'ayina shi ne daga yanzu kada hukuma ta ba da hayar ko taku ɗaya na irin wannan fili sai yarjejeniyar tana shimfiɗe a faifai kowa na iya karantawa, kuma cikin sharuɗɗanta a rubuta cewa turken zai ɗauki na'urar hango gobara. Tunda a kan ƙasarmu ya tsaya ya yi tsawo, ya kamata tsawon nasa ya yi mana gadi.

Kafin a kai ga sharaɗi, sai a san da wa ake ciniki. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, inda MTN da Econet suka biya dala miliyan 285 kowannensu. A lokacin layukan waya a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, yau sun haura miliyan 150. Da farko kowane kamfanin waya shi ke kafa turakunsa. Daga baya suka ga gara su sayar su koma 'yan haya. A shekarar 2014 MTN ya miƙa turaku kimanin 9,000 ga kamfanin IHS, shi kuma Airtel ya ƙulla cinikin sayar da kimanin 4,800 ga kamfanin American Tower na Amurka. Sana'ar waɗannan kamfanoni ita ce su kafa ƙarfe ɗaya, su ba kamfanonin waya biyu ko uku hayar gurbi a jikinsa. Ma'ana, wanda ya karɓi filin makarantarku haya shi ma mai gidan haya ne, kuma duk ɗan hayar da ya ƙaru a sama, ribarsa ce ta ƙaru. Jami'in da ya zauna ciniki da shi bai san wannan ba, to ya sayar da akuya da cikinta a kan farashin fata.

Sai kuma mu tambayi doka: filin na wane ne? Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, amma a sashenta na farko ta bayyana cewa riƙon amana ne domin amfanin jama'a. Filayen birni suna ƙarƙashin gwamna, na karkara kuma ƙananan hukumomi ke da hurumin rabawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa muna da hurumi, da makiyaya, da burtali, da maƙabarta, da filin idi, waɗanda sarki ko hakimi ke tsarewa amma ba shi da ikon mayar da su gonarsa. Mai riƙon amana kuwa akwai abu ɗaya da ba ya wuce shi, wato ba da bayani. Saboda haka idan shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ya tambayi shekara nawa aka ba da hayar kusurwar makarantarsu, nawa ake biya, kuma a wane asusu kuɗin ke faɗawa, haƙƙinsa ya nema. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 tana bayansa, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

Kada wani ya ɗauka ina neman a takura wa kamfanonin ne. Katsinawa sun fi kowa sanin darajar turke, domin mun ɗanɗana rashinsa. A watan Satumban 2021, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Zamfara, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda yaƙi da 'yan bindiga. Cikinsu akwai Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Funtuwa. Sai a watan Disamba aka fara mayar da su. A waɗannan watanni mutum kan biya kuɗin mota zuwa wani gari don kawai ya ji muryar ɗansa ko ya karɓi kuɗin da aka turo masa, ɗan kasuwa ya yi lodin hatsi bai san farashin da zai tarar ba, mai naƙuda kuma sai a aika yaro da gudu ya nemo mai babur. Wanda ya ga wannan ba zai so a rage ko turke ɗaya ba, ƙari zai nema.

Jihar ma ta nuna tana son ƙarin. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a riƙa karɓar naira 145 a kan kowace mita ta ƙasar da aka haƙa don binne wayar intanet, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020, lokacin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, aka sake tayar da maganar, Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya, Katsina kuma tana cikin jihohin farko da suka sauko. Hakan daidai ne. Sai dai wanda ya yi rangwame yana da bakin neman alfarma. Idan jiha ta sauƙaƙa wa kamfani kuɗin bin hanya, ta kuma ba shi fili a wuri mai tsaro, babu kunya ta ce masa ga ɗan abin da muke so a madadin haka. Abin da nake ba da shawara a nema ba ya ɗaga wa kamfani lissafi: gurbi ɗaya a ƙololuwar ƙarfe, 'yar wutar lantarkin da ba ta kai ta firiji ba, da layin da zai kai hoto ofis. Ukun nan duk suna nan a gindin kowane turke, da mai gadi a kai.

Me ya sa gobara? Saboda asara ce da muke yi kowace shekara ba tare da mun ƙirga ba. Da zarar damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta taso, sai daji ya zama kamar audugar da ke jiran ashana. Mafarauci ya cinna wuta don ya fito da gafiya ko zomo, mai sassabe ya ƙona gonarsa iska ta kwashe wutar zuwa ta maƙwabci, mai gawayi ya bar raminsa bai mutu ba, matafiyi ya yar da guntun taba. Hotunan tauraron ɗan'adam sun daɗe suna nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na ƙasar da wuta ke ci a duniya duk shekara a Afirka take. A kudancin jiharmu, wajen Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ɗanja, inda ruwa ya fi yawa ciyawa ta fi tsawo, wutar ta fi samun abinci. A arewa, wajen Kaita, Mashi da Mai'aduwa, ciyawar kaɗan ce, shi ya sa ƙonewarta ta fi ciwo.

Abin da ke ƙonewa ya wuce ciyawa. Akwai dawar da aka yanke aka jingine ba a kai gida ba, da karan da za a yi danga, da harawar da manomi ke ajiyewa ya sayar da bazara, da amyar zuma a kan itace. Akwai 'yan itatuwan da aka dasa don tare hamada, tun daga shingayen da aka yi a arewacin jihar da tallafin Turai a ƙarshen shekarun 1980 har zuwa na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Katsina ke cikin jihohi 11 da ya shafa. Itacen da aka yi shekara uku ana ba shi ruwa da jarka, wutar rabin sa'a ta ishe shi. Sannan ga abin da ya fi duka nauyi: makiyayar da ta ƙone a watan Disamba ita ce garken da zai matsa kusa da fadama da lambun wani a watan Fabrairu. A jihar da rikicin manomi da makiyayi ya riga ya ci rayuka ya tashi ƙauyuka, tsare ciyawa daga wuta aikin tsaro ne, ko da ba a rubuta shi a kasafin tsaro ba.

Birni ma bai tsira ba. Ranar Litinin 22 ga Maris, 2021, wuta ta tashi a babbar kasuwar Katsina ta lashe ɗaruruwan shaguna, mutanen da suka kwana da jari suka wuni da toka. Duk ɗan kwana-kwana zai gaya maka cewa a harkar gobara mintunan farko su ne komai. Wutar da bokiti goma za su kashe da asuba, tankar ruwa goma ba za su iya mata ba da hantsi.

Wani zai ce ai tauraron ɗan'adam yana gani. Gaskiya ne, kuma kyauta ne. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana wallafa taswirar wuraren da wuta ke ci a duniya a shafinta na FIRMS, kowane ɗalibi da ke da waya zai iya buɗewa ya dubi Dajin Rugu. Amma taurarin da ke ɗauko hotuna mafiya kaifi sau kaɗan suke giftawa ta kanmu a yini, ƙwayar hoton mafi ƙanƙanta tana rufe mita 375 ne, kuma labarin kan ɗauki kusan sa'a uku kafin ya iso. Cikin sa'a uku da iskar hunturu, wuta ta gama abin da ta zo yi. Tauraro yana da amfani wajen ƙirga asara da gane wuraren da wuta ta saba tashi. Mai hango hayaƙi tun yana siriri sai wanda ke tsaye a wurin dare da rana.

Haka wasu ƙasashe suka gane. A jihar Brandenburg ta Jamus, wadda dazuzzukanta ke yawan kamawa da wuta, an daina ɗora mutum a kan hasumiya da madubin hangen nesa, an maye gurbinsa da na'urori fiye da 100 da ke juyawa suna neman hayaƙi har nisan kilomita 15 ko fiye, wasunsu a jikin turakun wayar salula. A Kalifoniya ta Amurka, inda gobarar watan Nuwamban 2018 ta shafe garin Paradise ta kashe mutum 85, Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego tana kula da kyamarori fiye da 1,000 a kan duwatsu da turaku, kowa na iya kallonsu ta intanet, kuma tun 2023 manhajar kwamfuta ke taya ma'aikata tantance hayaƙi. A can ɗin dai, hukumomin da ke riƙe da dazuzzuka da filayen gwamnatin tarayya suna ba kamfanonin sadarwa hayar wurare bisa jadawalin farashi da ake bugawa a fili ana sabuntawa duk shekara. Abin koyi biyu ke nan a wuri guda: farashi a bayyane, da turken da ke aiki biyu.

Ga Bakatsine ma wannan tunani tsoho ne. Hasumiyar Gobarau, wadda ta haura shekara 500 a tsakiyar birnin nan, an gina ta ne don kiran salla, amma magabata ba su bar tsawonta ya tafi a banza ba, daga kanta ake hango ƙurar mahara tun suna nesa da ganuwa. Gini ɗaya, amfani biyu. Turakun yau sun ninka ta tsawo, kuma sun bazu har inda dogarin sarki bai taɓa takawa ba.

Akwai ƙorafe-ƙorafe uku da na san za a kawo, kuma kowannensu yana da nauyi. Na farko shi ne sirrin gida. Gidan Bahaushe tsakar gidansa a buɗe take ga sama, nan iyali ke girki da wanki da shan iska. Kyamarar da aka ɗora a tsawon mita 40 a cikin unguwa tana iya zama mai leƙen gidan mutane, kuma babu magidancin da zai yarda da haka, ni ma ba zan yarda ba. Saboda haka dole sharaɗin ya fayyace cewa a cikin gari na'urar sararin sama za ta fuskanta, saitinta ya toshe duk abin da ke ƙasa da rufin gidaje, a fi ba da ƙarfi ga masu gane zafi da hayaƙi a kewayen kasuwanni, kuma a rubuta sunan ofishin da ke da ikon ganin hoton da tsawon kwanakin da zai ajiye shi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba da madogara. In ba za a iya tsare wannan ba, gara a bar birni a fara da daji.

Na biyu shi ne tsaro. Turken da ke bakin daji, idan 'yan bindiga suka ɗauka idon hukuma ne a kansu, suna iya huce haushinsu a kan mai gadinsa ko ƙauyen da ke kusa. Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2024, wanda ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne, takarda ce mai kyau, amma takarda ba ta tare harsashi. Don haka kada a fara da wuraren da suka fi zafi. A fara da shingayen itatuwa na arewa, da makiyayun da ke da kwanciyar hankali, da manyan kasuwannin hatsi, kuma kada a ɗora komai a kan turken wani gari sai an zauna da mai garin da jama'arsa sun amince.

Na uku, kyamara ba ta kashe wuta, kuma ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri ganinta ma raguwa yake yi. Idan na'ura ta yi ƙara a ofis babu mai ɗauka, ko an ɗauka babu mai a mota, an yi aikin baban giwa. A nan sai mu leƙa maƙwabtanmu. A Jamhuriyar Nijar, a yankunan makiyaya irin su Bermo da Dakoro a jihar Maraɗi da Abalak a jihar Tawa, da kaka ake ɗaukar mutanen karkara aiki ana biyansu su share dogayen layuka a cikin ciyawa, domin idan wuta ta iso ta rasa abin ci ta tsaya, ciyawar da aka kwashe kuma a adana wa dabbobi. Wannan fasaha ce ta fartanya da manjagara. Wani kaso na kuɗin hayar turaku zai iya biyan irin wannan aiki a nan, ya sayi babura da tankunan goyo ga 'yan sa-kai a kowace gunduma, ya kuma biya saƙon waya da zai isa ga mai gari da sarkin noma da arɗo a minti ɗaya. Doka ma tana nan tana barci, domin tun 2011 hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai.

Idan Majalisar Dokokin Jiha za ta ɗauki wannan magana, ga abin da nake ganin ya kamata ƙudurin ya ƙunsa. A buɗe rajista ɗaya ta duk turken da ke kan filin gwamnatin jiha ko na ƙaramar hukuma, da wurinsa, da sunan kamfanin, da shekarun haya, da kuɗin, a ɗora ta a intanet. Hukumar KATGIS da ke tattara bayanan filaye ita ta fi dacewa da aikin. A sa jadawalin farashi ɗaya wanda ke ƙaruwa idan 'yan haya suka ƙaru a jikin ƙarfen, a riƙa duba shi bayan 'yan shekaru, domin hayar da aka yanke kafin faɗuwar naira a 2023 yau ta zama kuɗin goro. A ware wa makaranta ko asibitin da aka yanki filinsa kaso sananne da zai shiga asusunsa kai-tsaye. A tsaya a kan tazarar mita 10 da ƙa'idar NESREA ta gindaya tsakanin turke da gidaje ko makarantu, a kuma wajabta wa kamfani ya kwashe ƙarfensa ya gyara wurin ranar da haya ta ƙare. Sannan a rubuta gurbin na'urar gobara, da wutarta, da layinta, a matsayin wani ɓangare na kuɗin haya.

Masu zaman kallon hotunan kuwa ba sai an ɗauko su daga waje ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina suna yaye matasan da suka karanci taswira da kwamfuta da kimiyyar muhalli duk shekara, da yawansu suna zaune babu aiki. Ɗaki ɗaya a hedikwatar 'yan kwana-kwana, da allo huɗu, da matasa masu karɓa-karɓa, ya isa a gwada da turaku goma a hunturu ɗaya a ga abin da zai fito.

Lokacin yin maganar yanzu ne. A 2025 Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya sanar da shirin kafa dubban sababbin turaku a karkarar da sabis bai kai ba, kuma babu shakka jiha mai ƙananan hukumomi 34 da ƙauyuka birjik a bakin daji za ta samu rabonta. Shugaban hukumar NCC na yanzu, Dakta Aminu Maida, ɗan jihar nan ne, ba sai an yi masa dogon bayani a kan Rugu ko hunturu ba. Yawancin sababbin turakun nan fili za su nema, kuma a ƙauye filin da ya fi tsaro shi ne na makaranta, ko na asibiti, ko na hukuma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu bana za ta ɗaure mu shekara goma ko ashirin, kuma abin da ba a rubuta a cikinta ba, roƙo zai koma.

Kafin majalisa ta motsa, akwai abin da mai karatu zai iya yi a wannan mako. Idan akwai turke a makarantar 'ya'yanka ko a kasuwar garinku, ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ko ma'aikatar filaye takarda cikin ladabi, ka nemi a nuna maka yarjejeniyar hayarsa. Doka ta ba su kwana bakwai su amsa. Duk wanda ya samu amsa, ko aka hana shi, ya aiko wa wannan fili, za mu buga.